Dokar Hayaƙi da Kifin Tabawa

A ƙasar dabbobi, tun da aka san duniya, zama kashi biyu ne: Tudu da Gangare. A Tudu manya suke, su giwa da ɓauna da karkanda, cikin ganuwar ƙaya mai ƙofa ɗaya tak. A can rumbuna suke, a can kasuwa take. A Gangare kuwa, a bakin wani tafki, ƙanana ne: kififiya, tsari, kwaɗo, gafiya da ire-irensu. Sana'arsu su kama kifi su yi banda, su ɗora a ka su hau Tudu, a ba su hatsi su gangaro. Da yake manya ba su taɓa kuka da wannan ciniki ba, sai kowa ya ɗauka adalci ne.

Majalisa biyu ke mulkin ƙasar. Majalisar Kasuwa tana zama da safe a gindin kuka, ita ke da ikon ƙofa da mudu, da abin da zai shiga da abin da zai fita. Majalisar Damina tana zama da rana ta raba, a gindin tsamiya, ita ke da ikon girgije da iska da duk abin da ya shafi sama. Tsakanin kukar da tsamiyar bai fi jifa ba, kuma waɗanda ke zama a nan su ne dai ke zama a can. Shugaban ma ɗaya ne, wani toron giwa da ake kira Magaji Jatau. Amma doka ta hana a kai maganar gindin kuka gindin tsamiya, ko a kawo ta tsamiya gindin kuka. Saboda haka abin da Magaji ya sani da safe, da yamma bai taɓa jin labarinsa ba, kuma ya ƙware ƙwarai a wannan mantuwa.

Kowa na da 'yancin magana a majalisun nan, wannan kam ba a tauye wa kowa ba. Sai dai da inuwa ake auna magana. Mai magana zai fito fili ya tsaya, a saki tururuwa a bakin inuwarsa, in ta ƙetare ta fita ɗaya gefen, to bakinsa ya mutu. A Majalisar Kasuwa manya ke farawa, don girmamawa, da sassafe lokacin da inuwar giwa ke kaiwa har jikin ganuwa. Kafin a zo kan ƙanana rana ta take tsaka. A Majalisar Damina kuwa, don tausayi, ƙanana ake bari su fara. Ko ta ina aka bi dai, ɗan Gangare da tsakar rana yake magana, yana tsaye a kan inuwarsa.

Ana nan sai damina ta fara gajarta. Ruwa ya makara, in ya zo ya ɗauke da wuri, tafki ya riƙa ja da baya yana barin laka mai tsagewa. Da abin ya kai har rijiyoyin Tudu suka fara ba da ruwa mai ƙasa-ƙasa, sai Majalisar Damina ta gane lalle akwai matsala. Aka yi shela, aka cika gindin tsamiya, aka bar ƙanana suka yi 'yan tari-tarinsu, har rana ta karkata inuwa ta miƙe. Sannan Magaji Jatau ya fito.

Ya ce, "Ya ku manyan Tudu, ya ku 'yan uwanmu na Gangare da muke kwana muke tashi da ku a zuciya! Masana sun duba sama, sun tabbatar mana hayaƙi ne ke korar girgije. Sama ɗaya gare mu, ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofa. Wanda ya hura wuta a bakin tafki, idon na kan tudu ya sa wa yaji. Mu nan mun riga mun yi namu. Ku ɗaga kai ku duba, ko zare ɗaya na hayaƙi babu a saman garin nan. Shin daidai ne mu tsarkake gidanmu, sannan mu buɗe ƙofa mu sayi ƙaurin wasu? Daga yau, duk kayan da ke ƙaurin hayaƙi ba za su shiga kasuwar Tudu ba. Ba don mugunta muka yi ba, don jikokinmu da naku muka yi."

Aka yi ta buga ƙafa har ƙasa ta girgiza. Aka naɗa wani dila mai suna Korau Sarkin Hanci, aka ba shi ƙofa ya riƙa shinshina kaya.

Maganar masana gaskiya ce, hayaƙi na korar girgije. Maganar Magaji ma gaskiya ce, babu hayaƙi a saman Tudu. Abin da tururuwa ba ta bar shi ya kai gare shi ba, duk da tsawon inuwarsa, shi ne cewa kakannin manya ne suka ƙone rabin dajin ƙasar wajen gasa tubali da narka ƙarfe, har suka gina garin da ake tinƙaho da shi. Da hayaƙin ya ishe su, sai suka koma girki da gawayi, wanda ba ya hayaƙi a murhu, suka kwashe ramukan da ake ƙona shi suka kai bayan ganuwa, gefe da gefen hanyar Gangare, suka danƙa wa wani bijimin ɓauna mai suna Nagoma. Tun daga nan hayaƙin ya zama na bayan gari, kuma kowa ya san bayan gari Gangare ne.

Labarin doka ya iske Gangare a mugun lokaci. Kifi ya ragu, abin da ya rage musu shi ne su noma lakar da tafki ya bari. Amma geronsu na gado mai son doguwar damina ne, shekara biyu a jere ya bushe a tsaye bai fidda kai ba. A rumbunan Tudu akwai wani iri da ake kira ɗan gajere, mai nuna da ruwa kaɗan. In sun same shi kafin ruwan fari, za su ga baɗi. In ba su same shi ba, babu wanda ya san abin da za a ci. Kuma ba su da abin saye sai kifi.

Magajiyar masu banda wata tsohuwar kififiya ce, Tabawa, wadda yunwar bara ta kashe mata 'ya ta bar mata jikoki. Ita ta tara jama'a a ƙarƙashin kurmin kirya da ke gabas da tafki, inda suka saba zama, ta ce a kashe wutar banda duka, a koma shanya kifi a rana.

Wani tsari mai suna Mantau, wanda ke jagorar ayari zuwa Tudu, ya ce, "Haba Yaya, kifi ba wuta? Ai ƙuda za ki yi wa biki."

Ta ce, "Ni da kunnena na ji. Sun ce hayaƙi ke korar ruwa, ruwan kuwa ya tafi, ko ƙarya ne? In wutarmu na da hannu a ciki, ko da ɗan yatsa ne, mu kashe ta. In muka je musu da kaya mai tsabta, da wane baki za su hana mu?"

"Da bakin da suka saba."

"Kai dai Mantau ba ka raina abin tsiya. Ni na ce a kashe, in abin ya ɓaci a ɗora mini."

Aka kashe. Murhun da tun zamanin kakanni bai taɓa hucewa ba ya huce. Aka tsaga kifi aka baza a kan duwatsu, mata da yara suka wuni suna kora ƙuda da ganye. Fiye da rabi ya yi tsutsa aka zubar, ana kallo ana haɗiyar yawu, don ba a ƙoshe ake ba. Tabawa ta sa aka jefar da tsofaffin kwanduna saboda ƙaurin shekaru ya kama su, aka saƙa sababbi da ɗanyen kaba. Ita kanta ta shiga laka ta dirje bayanta da yashi har ya yi ja. Ranar da ayari zai tashi ta bi kwandunan ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, ba ta ji komai ba sai ƙarnin kifi da rana. A ranar ta yi murna, murna ta gaske, irin ta wanda ya yi abin da aka ce ya yi.

Hanyar Tudu ɗaya ce, kuma ta tsakiyar ramukan Nagoma ta bi. Tun daga nesa suka hango hayaƙi kwance a kan hanya, fari, mai kauri, ba iskar da za ta ɗaga shi. Mantau ya sa aka rufe kwanduna da ganye, ya ce a yi sauri. To, saurin kififiya da kwaɗo mai kaya a ka sananne ne. Suka wuni a ciki suna tari, idanu na zubar da ruwa, ma'aikatan ramuka na yi musu sannu. Ko da suka fito ɗaya gefen, babu mai iya jin warin komai a cikinsu, hancin kowa ya toshe.

Na Korau bai toshe ba. Ya taso daga inuwar ƙofa da fara'arsa.

"Sannu da hanya, Gwaggo. An sha tafiya."

"Yauwa, ɗan nan. Ga kaya nan, na rana ne zalla, ko wuta bai gani ba."

Korau ya sa hanci a kwandon farko, ya ɗago, ya yi atishawa. Ya gwada na biyu. Bai wahalar da kansa da na uku ba.

"Ƙauri, Gwaggo."

"Wane irin ƙauri? Duba shi mana! Kifin banda baƙi ne, wannan fari ne fat. Wallahi wata guda ke nan ko ruwan zafi ban dafa ba."

"Ban ƙaryata ki ba. Amma ni ba Sarkin Ido ba ne, Sarkin Hanci ne."

Mantau ya harzuƙa ya ce, "Hayaƙin ramukanku ne ya kama shi a hanya! Juya ka gani, ga shi can yana tashi!"

Korau bai juya ba. Ya ce, "Malam, doka ta ce kayan da ke ƙauri. Ba ta ce ƙaurin wane ba. In da ƙorafi, majalisa na zama gobe."

Suna tsaye a nan sai ga jakuna ɗauke da buhunan gawayi, suka raɓa su suka shige ƙofa, Korau na ɗaga musu hannu. Doka ta keɓe duk kayan da ke rage hayaƙi a cikin gari, gawayi kuwa shi ne na farko a cikinsu.

Aka tara kwanduna a bayan ganuwa, a rana, aka bar jama'a na gadi. Tabawa da Mantau suka shiga gari hannu rabbana.

Washegari a gindin kuka Tabawa ta zauna tun asuba tana maimaita abin da za ta faɗa. Karkanda ya yi jawabi a kan girman mudu, raƙumin dawa ya yi a kan falalar buɗaɗɗiyar kasuwa, har rana ta take. Aka kira ta. Ta fito, aka saki tururuwa. To, a Gangare ba a buɗe baki gaban manya sai an gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa. Wanda ya tsallake wani, har jikokinsa sai an goranta musu. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe Magaji, Allah ya ja zamaninka. Ranka ya daɗe Sarkin Mudu, ina gajiya. Ranka ya daɗe..."

Aka buga ƙafa. Tururuwa ta fita. Magaji ya yaba da ladabinta, ya ce a rubuta cewa Gangare ta kawo gaisuwa.

Da aka koma gindin tsamiya ta haɗiye tarbiyyar shekara da shekaru, ta fito ba sallama, ta ce da ƙarfi, "A buɗe mini ƙofa, iri nake nema!"

Magaji ya dube ta da tausayi ya ce, "Baiwar Allah, ƙofa maganar kasuwa ce. Nan sama muke dubawa. Ki zo gindin kuka da safe."

Da safe ta zo, ta jira tsakar rana, ta ce, "Hayaƙinku ne a jikin kifina!"

Magaji ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya ce, "Baiwar Allah, hayaƙi maganar sama ce. Nan mudu muke dubawa. Ki je gindin tsamiya."

Haka ta yi ta safa da marwa tsakanin bishiyoyin biyu, kullum da 'yar jimlarta guda. A bayan ganuwa kifi ya fara laushi, don kifin rana ba ya jure ajiya kamar na banda. A gabas kuma, da yamma, girgije ya fara leƙowa yana komawa. Duk ranar da ta gan shi sai ta hau addu'a. Ita da ta shekara tana roƙon ruwa, yanzu roƙo take kada ya zo tukuna.

Mantau ne ya samo dabara. Ranar da aka sake kiranta gindin tsamiya, ya bi ta ya kwanta a bayanta ya miƙe, ya ɗaga jiki da wutsiya, inuwarsa ta haɗu da tata ta zama ɗaya. Karkanda ya ce wannan zamba ce. Aka duba doka, ba ta ce inuwar wane ba. Aka saki tururuwa.

Tabawa ta ce, "Ranku ya daɗe gaba ɗaya, ku yafe mini gaisuwa. Kun ce hayaƙi ke korar ruwa, mun yarda. Kun ce a kashe wuta, mun kashe, ba mu tambayi wanda ya fara hurawa ba. Wutar da muka kashe duka-duka ba ta kai ramin gawayi ɗaya ba, amma ita ce abincinmu. Mun zubar da fiye da rabin kifinmu don mu zo muku da tsabta. Hanyar da kuka bar mana guda ce, kun cika ta da hayaƙin girkinku, sannan kun sa hanci a ƙofa. Ban zo neman sadaka ba, ranku ya daɗe, ciniki na zo yi. Ku karɓi kifi ku ba mu iri. In ba za ku karɓa ba, ku ara mana irin, mu biya da kaka. In wannan ma ba zai yiwu ba, ku faɗa mini bishiyar da ake kai maganar wanda ƙofa da sama suka haɗu suka danne, in je can. Ruwa ya kusa. Ina da jikoki, 'yar ƙaramar ba ta iya..."

Tururuwa ta sauka daga wutsiyar Mantau.

In za a faɗi gaskiya, akwai manyan da maganar ta taɓa. Wata tsohuwar giwa har da share ido. Magaji ya jira inuwarsa ta miƙe sannan ya fito.

Ya ce, "Mun ji kukan 'yar uwarmu, kuma ya shiga jikinmu. Wannan magana tana da ƙafa a kasuwa, tana da kai a sama, irinta kuwa ba a yi mata gaggawa. In muka buɗe ƙofa ga ƙauri ɗaya, mun buɗe ga duka, dokar da muka yi don ceton Gangare ta rushe. In muka ba da iri ba ciniki, mun karya farashi, mun zalunci mai rumbu. Saboda haka mun kafa kwamiti, rabi daga kuka, rabi daga tsamiya, ya binciko ko ya halatta su zauna tare. Zai kawo rahoto bayan damina. Kafin nan, an hana haɗa inuwa."

Ko da suka fito bayan ganuwa, ba sai an kira Korau ba, kowane hanci ya san kifin ya gama. Ungulaye sun jeru a kan ƙaya suna jira cikin ladabi. Jama'ar ayari suka dubi Tabawa, babu wanda ya ce mata ke kika ce. Da sun faɗa ma da ya fi mata sauƙi. Ta janye kai cikin ƙoƙonta ta yi kuka a ciki, inda ba mai gani.

A nan Nagoma ya same ta. Bijimi ne mai sanyin murya, bai taɓa yin jawabi a majalisa ba, don bai taɓa bukata ba.

Ya ce, "Inna, na ji abin da ya faru, ban ji daɗi ba. Iri kike so?"

Ta fiddo kai.

"Ina da shi, rumbu guda. Ni kuma kirya nake nema, ta wajena ta ƙare, gari kuwa ba ya son gawayin da ba na kirya ba. An ce kuna da kurmi a gabas da tafki."

Mantau ya ce, "Kurmin da ke tare mana iska? Inda muke binne matattunmu?"

"Ban ce dole ba. Ku sare, ku ƙona a can, jakunana su kwaso. Gawayi ba ya tsayawa a ƙofa. Ranar da buhun farko ya shiga, iri zai fito."

Tabawa ta ce, "To hayaƙin fa?"

Nagoma ya ce, "Wannan maganar tsamiya ce, Inna. Ni ɗan kasuwa ne."

Ta dubi gabas. Girgije ya fi na jiya duhu. Ta ce ya aiko da gatura.

A Gangare ba a yi dogon musu ba, yunwa ta riga ta gama musun. Tsofaffi suka shiga kurmi suka roƙi gafarar na ƙasa, sannan aka fara sara. Kirya itace ne mai taurin tsiya, ƙananan dabbobi kuma ba su da hannun gatari. Suka yi ta fama bakin rai bakin fama, gafiyoyi na gwaguya, kwaɗi na jan reshe, har bishiyar ƙarshe ta faɗi. Aka jera, aka rufe da ƙasa, aka nemi mai sa wuta. Kowa ya noƙe. Tabawa ta ce ita ta ce a kashe, ita za ta kunna. Hayaƙin da ya tashi daga bakin tafki a kwanakin nan ya fi duk wanda murhun banda ya yi tun kafuwar Gangare, kuma daga Tudu ana ganinsa sarai.

Da safe, a gindin kuka, Magaji Jatau ya yi albishir cewa cinikin gawayi ya bunƙasa, farashi ya sauka, ya ce wannan ita ce albarkar buɗe kasuwa ga 'yan uwa na Gangare. Da yamma, a gindin tsamiya, ya nuna hayaƙin da haurensa, muryarsa na rawa, ya ce ga shaida kowa ya gani da idonsa daga inda masifar sama ke fitowa. Aka tsawaita dokar ƙofa, aka ƙara wa Korau mataimaka.

Nagoma bai saɓa alkawari ba, iri ya zo. Ba su jira ruwa ba, suka yi binne, wato suka shuka a busasshiyar ƙasa don ruwan fari ya tarar da shi a ciki. Tabawa ta ja jikokinta suka bi layi, tana tona rami suna jefa ƙwaya tana rufewa da ƙirji. Ko ƙwaya ɗaya ba ta bari an kai baki ba, har ta mari babban jikanta a kan haka. Da aka gama, Gangare duka ta zauna a kan kututturan kirya, a rana, ta fuskanci gabas.

Hadari ya haɗu, baƙi ƙirin, da walƙiya da tsawa. Iska ta riga shi isowa, ba abin da ya tare ta, ta kwashi ƙasar saman gonaki ta watsa a tafki. Suka ɗaga kai suna kallo ya bi ta kansu, ya ɗiga musu abin da bai jiƙa bayan kwaɗo ba, ya wuce. A Tudu ya sauke. An ce ranar 'yan majalisa sun jiƙe sharkaf suna taya juna murna, Magaji ya ce wanda ke shakkar amfanin doka ya fito ya taɓa ƙasa.

Aka ci gaba da jira. Hadari ya sake zuwa ya sake wucewa. Tururuwa da gara suka gano binnen suka fara jida. 'Yar ƙaramar jikar Tabawa ta daina kuka, ta daina fiddo kai in an kira ta.

Wata safiya Mantau ya fito ya hango Tabawa a tsakiyar gonarta. Ya ɗauka kora tururuwa take. Da ya matso sai ya ga tona take yi, rami bayan rami, a kan layin da ta shuka, tana tsince ƙwayar tana hure ƙasa tana tarawa a ganye.

Ya ce, "Yaya! Me kike yi haka? Irin ne fa!"

Ba ta ɗago ba.

"Kurmi guda muka ba da a kansa, Yaya. In ruwan ya zo gobe fa?"

Ta ce, "In ya zo gobe, ya tarar da mai ran da zai jiƙa."

Ta ci gaba da tono. A gonakin da ke kewaye, waɗanda suka ji sun fara saukowa daga kan kututture. Mantau ya matsa layi na gaba, ya sa farce a ƙasa.